Takardar da Ta Kira Auta Mace

Zuwa ga Mamata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Kaka? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Yaya ƙafar taki? Kina shan maganin kuwa, ko kin sake tura shi ƙarƙashin katifa kina cewa ya ƙare? Yara suna gaishe ki. Babansu yana hanya da motar kaya, sai ƙarshen wata.

Na rubuto ne don waya ba ta yi mana amfani. In na yi magana a hankali ba kya ji, in na ɗaga murya ki ce Barkono ta fara. Wannan magana kuwa ba ta ihu ba ce, kuma ba na so ta shiga kunnen Kaka, don ta shafi ɗanta. Maganar Auta ce da ƙaninki.

Da za ki tafi, kin bar mini Auta a ɗakin bayan shago, kin bar wa Kawu shi a wurin koyon dambe, kika ce tsakanin yayarsa da kawunsa ba abin da zai same shi. To ga abin da ya same shi. Kin san baƙin wandonsa na fita, wanda na ɗinka masa da ya gama makaranta. Watannin baya ya kawo mini wai in rage ƙugu. Na rage. Ba a daɗe ba ya sake kawowa, na sake ragewa, har ina tsokanarsa ko wata ce ta hana shi barci. Shekaranjiya ya kawo kuma. Mama, aljihunan baya sun kusa haɗewa wuri ɗaya. Na ɗora masa tef a ƙugu, na ga awon da nake yi wa yaran da ko gemu ba su fara ba. Mutum zai iya yi mini ƙarya, amma tef ba ya yi.

Kada ki fara cewa ba na ba shi abinci. Ina zuba masa shinkafa da wake har da ƙwai, ya ɗauka ya shige ɗaki, ya fito da kwano fes kamar an lashe. Ina ta murna, ashe a leda yake ƙullewa ya tura ƙasan kwandon ƙyallaye. Wari ne ya tona asirin. Ranar da na tsare shi ya ci a gabana, yana gamawa sai banɗaki, ya buɗe famfo har ƙarshe don kada in ji. Na ji kuwa. Na haifi uku, na san ƙarar amai.

Ranar Laraba na kai wa Kawu gajerun wandunan da ya sa in ɗinka wa yaransa 'yan dambe, na tarar ana awon nauyi. Wurin ba abin da yake yi sai warin gumi da roba, ga sikelin nan na ƙarfe a tsakiyar ɗaki, kowa yana kewaye shi a tsorace. Auta ya hau daga shi sai kamfai. Daga bakin ƙofa nake ƙirga haƙarƙarinsa. Kawu ya sunkuya ya duba allurar sikelin, ya miƙe, ya zaro igiyar tsalle daga ƙusa ya ninka ta biyu. Ya zuba masa a ciki, ya ƙara, ya ƙara, yana kiransa buhu, yana cewa ciki kamar na mace mai juna biyu, uban wa ya ba shi ruwa ya sha. Abin da ya ƙaru a awon nasa bai kai nauyin kofin shayi ba. Igiyar ta fasa fata, jini ya tsattsafo, ɗanki kuwa ya maida hannu baya ya ƙame kamar soja, ko kaucewa bai yi ba. Wannan tsayuwar ta fi dukan ƙona mini rai.

Kin san halina. Na watsa wa Kawu wandunan a fuska, na faɗa masa abin da ba zan iya rubutawa ba. Ya ce in fita, nan ba shagon ɗinki ba ne. Wai akwai babban wasa nan gaba kaɗan, masu ɗaukar 'yan dambe zuwa waje za su zo kallo, shi kuma yana so Auta ya shiga ajin nauyin da ke ƙasa da nasa, don da tsawonsa zai ci kowa a can. Wato a cusa ƙato a rigar yaro. Na san inda wannan ciwo ya samo asali, ke ma kin sani. Shi ma sikeli ne ya hana shi tafiya a zamaninsa, kuma har yau bai huce ba. To ya huce a kan sikelin mana, me cikin ɗan 'yar'uwarsa ya yi masa?

Auta ya dawo ya ƙi kula ni, wai na kunyata shi a gaban maza. Ki rubuta wa ƙaninki, ke kaɗai yake jin nauyi. Ni dai tsoro nake ji, Mama, kuma kin san ba kasafai nake faɗar haka ba.

Ki ce wa Kaka jikarta mai bakin nan tana yi mata sannu. Allah ya bar mana ku.

'Yarki,
Barkono


Zuwa ga Mamata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Kaka, da fatan ta samu tana ɗan taka ƙafa. Mu nan muna nan yadda kika bar mu, sai abin da ba a rasa ba.

Takardarki ta iso. Na karanta, na sake karantawa ko zan ga inda kika ji tsoro, ban gani ba. Kin ce Auta namiji ne, ya san abin da yake yi. Kin ce kawu uba ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma in daina shiga harkar maza. Na ji. Amma iccen nan ya bushe, Mama, busasshe kuwa karyewa yake yi.

Na je asibitin unguwa awon hawan jini, don tun ranar nan kaina yake sarawa. Muna zaune a benci sai ga wata nas tana raba mana takarda da biro. Ta ce tambayoyi ne kan yadda mutum yake da abinci, kowa ya cike da kansa, e ko a'a, ba mai leƙa masa. Na yi dariya na ce ni ai kallo ɗaya ya isa, ni da abinci ba mu taɓa ɓatawa ba. Ina fara karantawa dariyar ta tsaya. Kina sa kanki amai bayan kin ci? Kina ɓoye abinci ki nuna kamar kin ci? Kina ganin kin yi ƙiba alhali mutane suna cewa kin rame? Kina tsoron sikeli, amma ba kya iya wuni ba ki hau ba? Tunanin abinci yana hana ki sukuni? Na cike tawa a'a daga sama har ƙasa, amma duk layin da na karanta Auta nake gani, kamar wanda ya rubuta ya taɓa zama a ɗakin bayan shagona.

Na ja nas ɗin gefe na ce ta ƙara mini ɗaya. Ta ce ta wa, na ce ta ƙanena. Ta ce ai maza ma suna kamuwa, musamman masu wasannin da ake awo, sai dai ba sa zuwa asibiti. Ta ce ciwo ne sosai, ba iyayi ba ne ba kuma taurin kai ba, yana taɓa zuciya da ƙoda, yana kisa. Takardar ba ita take yanke cewa mutum yana da ciwon ba, tana dai nuna wanda ya kamata likita ya gani. Ta kuma ja mini kunne cewa mai jikin ne zai amsa da hannunsa, don shi kaɗai ya san abin da yake yi in ya rufe ƙofa, in na cike masa aikin banza na yi. Na ninke na sa a jaka, ina jin kamar na samo magani.

Abin da ban lura da shi ba, da yake ni mace ce na karanta ta ta zauna mini daidai, shi ne daga farko har ƙarshe da mace take magana. Kina, kin, ki, kanki. Ko “ka” ɗaya babu a cikinta.

Na bari ya dawo daga gudu. Yana zaune a bencin shago cikin rigar sanyi da rana tsaka, yana tofar da yawu a gora, don ko yawun bakinsa ba ya so ya haɗiye. Na lallaɓa, ni da ban iya lallami ba, na ce ɗan'uwana ka duba wannan, ba wanda zai gani. Ya karɓa. Ya karanta layin farko, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya karanta na biyu, ya ɗago ya tambaye ni wato ni ma mace na ɗauke shi, kamar yadda Kawu yake faɗa? Kafin in buɗe baki ya hankaɗe ni. Na yi baya na haɗu da keken ɗinki, leɓena ya fashe, haƙori ɗaya har yanzu girgiɗi yake yi. Ya naushi madubin da masu ɗinki suke duba kaya ya tarwatse, ya tattake kwanon abincin da na ajiye masa, ya fice hannu yana ɗigar jini.

Auta fa, Mama. Yaron da na goya, wanda ko kaza za a yanka sai ya ɓuya bayan ƙofa. Na yi kuka, amma ba don bakin ba. Na yi kuka ne don hankaɗar ba ta da ƙarfi. Da a bara ne ya ture ni haka da sai an kwashe ni. Ɗan dambe ya zuba mini duk fushinsa, amma tuntuɓe da ƙafar keke ne ya kayar da ni, ba hannunsa ba.

Na tsinci takardar a cikin fasassun gilasai. Ya duƙunƙune ta amma bai yaga ba, sai na bi ta da dutsen guga ta miƙe. Kada ki yi masa faɗa kan abin da ya yi mini, ba shi ba ne, yunwa ce. Zan kai wa Kawu takardar, ko in ya ga rubutun asibiti zai ji tsoron Allah.

Ki ci gaba da sa mu a addu'a. Yara sun ce in ce miki kin daɗe.

'Yarki,
Barkono


Mama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Kaka. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, gara ki ji daga gare ni kafin ƙaninki ya riga ni.

Na kai masa takardar. Na same shi yana naɗa wa wani yaro bandeji a hannu. Na durƙusa na gaishe shi yadda kika koya mini, na ce Kawu don Allah a keɓe nake son magana. Ya ce ba ya ɓoye wa yaransa komai. Na miƙa masa, na faɗa masa duk abin da nas ta ce, har maganar zuciya da ƙoda. Ya sa tabarau ya duba. Sai na ga murmushin nan nasa na gefen baki, na san na yi wauta. Ya tafa hannu ya tara su duka, har da Auta da ke can yana dukan buhu. Ya maƙale murya kamar ta mace, ya kama ƙugu yana rangwaɗa, ya shiga karantawa. Kina sa kanki amai? Kina ganin kin yi ƙiba? Duk layi sai ya juya ya kalli Auta, yara suna faɗuwa ƙasa don dariya. Da ya gama ya ce daga yau sunan gwarzon nasu Kina.

Wani mai faffaɗan hanci ya maimaita sunan. Ban ga lokacin da Auta ya isa kansa ba. Ya kayar da shi, ya haye ruwan cikinsa, ya dinga kirɓar fuskarsa ba safar hannu, har hancin ya koma gefe, jini ya wanke siminti. Da ƙyar aka ɓamɓare shi. Kawu kuwa yana tsaye yana gyaɗa kai, wai yauwa, wannan zuciyar yake nema ranar wasa.

Nan idona ya rufe. Na sunkuci sikelin nan, ban ma san zan iya ɗaga shi ba, na maka shi da bango. Gilashin ya watse, allurar ta yi nata wuri. Na ɗauki abin da ya rage na jefi ƙaninki, ya same shi a goshi ya tsage. Shi kuma ya kwashe ni da marin da sai da na ga wuta, ya shaƙe ni da mayafina, ya ja ni a ƙasa har bakin titi, gwiwoyina duk sun saɓule. Ya wurgo mini takalmi ɗaya da takardar. Ya ce ya yafe ni, ba ni ba shi, ko gawarsa kada in zo kai. Na ce ba sai ya roƙe ni ba.

Auta yana kallo aka ja ni. Da yamma ya zo ya kwashe kayansa ya koma kwana wurin Kawu. Baƙin wandon nan kawai ya bari a kan keke, ya yi masa alama da allina inda yake so in ƙara ragewa. Na kuma ji washegari Kawu ya sayo sabon sikeli mai lamba, irin wanda ko kurɓin ruwa ba ya yafewa.

Na san abin da za ki ce. Na daki kawuna, na ɓata zumunci, na jawo miki magana a dangi. Ki faɗa, na ɗauka. Amma ki sani yanzu ba mai ganin abin da ɗanki yake ci sai mutumin da ba ya so ya ci. Ki zo, Mama. Ki roƙi maƙwabta su duba Kaka kwana biyu. Wasan ya matso, kuma ni na ƙare dabarata.

Ina jiran ki, ba takardarki ba.

'Yarki,
Barkono


Zuwa ga Mamata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi wa Kaka ya jiki. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan gwiwata, ki yi haƙuri da rubutun. Kafin zuciyarki ta tsinke, yana da rai.

Kin ce ba ki da wanda za ki bar wa Kaka, kin ce in yi addu'a in kuma je in ba Kawu haƙuri. Addu'ar na yi.

Ranar wasan na sayi tikiti kamar baƙuwa na zauna can baya. An ce ya ci awo, har tafi aka yi masa. Da ya fito ban gane shi ba sai da na ga gajeren wandon da na ɗinka da hannuna. Idanu sun faɗa, leɓe ya tsattsage, gwiwa ta fi cinya kauri. Abokin karawarsa wani gajere ne cikakke, wanda dama nauyinsa ke nan, ya ci ya ƙoshi ya zo.

A zagayen farko Auta ya yi abin da aka koya masa, dogon hannunsa yana isa, mutane suna ihu, har ni na ji zuciyata ta ɗan kwanta. Daga na biyu hannun ya fara sauka. Gajeren ya gane, ya shige masa jiki, ya dinga zuba masa a haƙarƙari, ina jin ƙarar daga inda nake kamar ana kakkaɓe katifa. Gira ta fashe, jini ya rufe ido ɗaya. Ya faɗi ya tashi. Ya sake faɗuwa, ya kama igiya ya tashi. Da aka koma kusurwa na hango Kawu yana marinsa yana ihu a kunnensa. Ban ji ba saboda hayaniya, amma na ga bakinsa, na gane kalmar. Kina yake ce masa.

Faɗuwar ƙarshe ba naushi ne ya kayar da shi ba. Yana tsakiyar dandamali, ba wanda ya taɓa shi, ya dafe ƙirji, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya kife da fuska. Alƙalin wasa ya fara ƙirge, ya tsaya a tsakiya, don ya ga wannan faɗuwar ba ta ƙirge ba ce. Na tsallake kujeru, na tattake mutane, wani mai gadi ya tare ni na gantsara masa cizo a hannu. Na iske likitan wasa yana danna masa ƙirji da hannu biyu, har na ji ƙashi ya yi ƙara. Kawu yana tsaye da tawul a hannu, tawul ɗin da in ya jefa shi za a tsayar da wasa, yana riƙe da shi tun farko bai jefa ba.

Likita ya ce zuciyarsa ce ta rikice, don amai da rashin ruwa sun wanke gishirin jikin da take aiki da shi. Haƙarƙari ya karye, muƙamuƙi ya goce har sai da aka ɗaure shi, ƙodar ma ta ji jiki. Ya tambaye ni tun yaushe yake haka, kuma me ya sa ba a kawo shi ba. Takardar tana cikin jakata a ninke, ba a cike ko layi ɗaya ba.

Ƙaninki ya zo bakin ƙofar ɗakin da filasta a goshi. Na miƙe na kama ƙarfen da ake rataya ledar ruwa da hannu biyu. Ya dube ni, ya dubi gadon, bai shigo ba.

Yanzu kam ki zo. Ban da sauran abin da zan rubuta da zai fi wannan.

'Yarki,
Barkono


Zuwa ga Mamata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban gajiya. Na ji saƙon cewa kin samu mai zama da Kaka, kina hanya ƙarshen mako. Allah ya kawo ki lafiya, ya saka wa matar da alheri. Na ba direban da zai ɗauko ki wannan, ki karanta a mota, don akwai abin da nake so ki sani kafin ki gan shi.

Ya farfaɗo. Na ɗauka shi ke nan, ashe da sauran aiki. Mutumin da ya leƙa kabari ya dawo, abin da ya fara tambaya ta tsakanin haƙora, da ɗaurarren baki, shi ne nawa ruwan ledar nan da aka ɗaura masa zai ƙara masa nauyi. Ya fizge allurar daga hannunsa, jini ya ɓata zanen gado, sai da aka danne shi aka mayar. Na kawo masa madara da ɗan bututun zuƙa, ya buge kofin ya wanke mini riga. Likita ya ce akwai masu duba irin wannan ciwo, kuma ana warkewa, amma sai mai shi ya yarda ya faɗi abin da yake yi. Duk wanda ya tambaye shi kuwa sai ya juya wa bango fuska, wai horo ne kawai, kowane ɗan dambe yana yi.

Ina zaune ina kallon ƙeyarsa na zaro takardar nan, wadda ta jawo mini girgiɗin haƙori da rabuwa da kawu. Na yi niyyar yaga ta. Sai na tuna ni tela ce, in riga ba ta zauna wa mutum ba ai ba mai ita ake duka ba, rigar ake gyarawa. Na ari biro wurin nas na bi ta layi-layi. Kina ta koma kana, kin ta koma ka, kanki ta koma kanka. Takardar ta yi dabbare-dabbare kamar littafin ɗan aji ɗaya, amma ban bar “ki” ko ɗaya ba. Na ɗora masa a ƙirji da biron. Ban yi wa'azi ba, ni Barkono. Na fita na tsaya a baranda, don nas ta ce mai jikin ne zai amsa.

Na daɗe a waje, ina jiran in ji ƙarar wani abu ya fashe. Shiru. Da na koma yana kallon silin, takardar tana kife a kan cikinsa. Ya tura mini ita da yatsa. Da hannun hagu ya cike, don na daman yana naɗe. E, e, e, daga sama har ƙasa. A can ƙasa, inda ba tambaya, ya ƙara layi ɗaya a karkace: “Yaya, ko Kawu bai ce ba ina yi. Na kasa bari.”

Mama, na zauna a ƙasa. Ni ina can ina fasa sikeli ina fasa goshi, ashe abin ya daɗe da barin hannun Kawu ya shige cikin yaron, shi kaɗai yake dambe da shi ba mai raba su. Na tambaye shi ko in kai wa likita. Ya lumshe ido ya gyaɗa kai. An fara ganinsa. Sun ce abin zai ɗauki lokaci, za a ci gaba a koma baya, kada mu yi gaggawa kada kuma mu yi masa tsawa. Jiya ya zuƙi rabin kofin madara, yana kuka yana zuƙa, amma bai je banɗaki ba.

Ƙaninki kullum yana zuwa ya zauna a bencin waje har yamma, ba ya shigowa. Za ki wuce ta gabansa. Tsakaninki da shi ke kika sani, ni dai ban yafe ba tukuna. Abu ɗaya nake roƙon ki. In kin shiga kada ki ce wa Auta namiji ne, ya daure. Ya daure, Mama, mun ga inda dauriyar ta kai shi. Ki zauna kusa da shi ki tambaye shi kawai.

Baƙin wandon yana nan da alamar allinsa, ban rage ba. Abin da Auta bai sani ba, duk ragin da na yi masa ban taɓa sa almakashi ba, ninke yadin nake yi ta ciki in bi da keke. Yau na kawo shi asibiti, na zauna a gefen gado da reza na farke ɗinkin ƙarshe, shi kaɗai, tunda an ce a hankali za a bi. Yana kallon hannuna har na gama, hawaye yana gangara masa cikin kunne, bai hana ni ba. Na juya wandon na nuna masa cikinsa, ya ga yadinsa duka yana nan, ko zare ɗaya ban yanke ba.

Ki zo da maganin ƙafarki, kada ki ce kin manta. Sai kin iso.

'Yarki mai jiran ki,
Barkono